Shaidar Mai Tsaye a Zaure: Littafin Kakakin 'Yar'aduwa

A shekarar 2011, shekara guda da 'yan watanni bayan an kai Umaru Musa 'Yar'aduwa makwancinsa a Katsina, mutumin da ya yi shekara uku yana magana da yawunsa ya fitar da littafi. Olusegun Adeniyi ɗan jarida ne, yana editan jaridar ThisDay aka kira shi fadar shugaban ƙasa a 2007. Da maigidansa ya rasu sai ya tafi Jami'ar Harvard da ke Amurka, ya zauna ya rubuta abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Ya sa wa littafin suna Power, Politics and Death, wato mulki da siyasa da mutuwa. Har yau duk wanda ya tashi ba da labarin yadda Nijeriya ta yi wata uku ba ta san halin da shugabanta yake ciki ba, ko ya ambaci littafin ko bai ambata ba, daga can yake ɗebo rabin bayaninsa. Sauran waɗanda suka sani sun kama bakinsu. Goodluck Jonathan, mataimakin 'Yar'aduwa, ya fitar da nasa littafin a 2018, amma zaɓen 2015 ne ya fi ɗauke masa hankali. Ke nan tarihin waɗancan watanni ya rataya a wuyan shaida ƙwaya ɗaya, kuma shaida ɗaya, komai gaskiyarsa, sai an tambaye shi inda yake tsaye lokacin da abin ya faru.

Kafin a zo nan, sai an san gidan da ake magana a kansa, don gidan 'Yar'aduwa ba jiya siyasa ta shige shi ba. Mahaifin, Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, shi ne ministan harkokin Legas a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yayan, Shehu Musa 'Yar'aduwa, shi ne na biyu ga Obasanjo daga 1976 zuwa 1979 bayan kisan Murtala, yana saurayi ɗan shekara talatin da 'yan kai. Da ya tuɓe kaki sai ya gina ƙungiyar siyasar da ta ratsa Kudu da Arewa, wadda Atiku Abubakar ya fito daga cikinta. Ya yi gaba a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar SDP a 1992, Babangida ya soke zaɓen, Abacha ya ɗaure shi a 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba na 1997. Umaru shi ne ƙanin da ba a ji sosai: malamin kimiyyar sinadarai, mai ra'ayin PRP a lokacin da gidansu ke NPN, mai ƙarancin magana. Ya nemi gwamnan Katsina a 1991 ya sha kaye a hannun Sa'idu Barda, ya dawo ya ci a 1999, ya yi shekara takwas. Da Obasanjo ya tsamo shi a ƙarshen 2006 ya ba shi takara, mutane da yawa sun fassara abin da cewa tsohon yana biyan bashin da gidan Shehu ke bin sa ne. Lokacin da yake mulki, surukansa biyu gwamnoni ne masu ci: Sa'idu Usman Dakingari na Kebbi da Isa Yuguda na Bauchi, wanda ya bar ANPP ya koma PDP a 2009, shekarar da ya auri 'yar shugaban.

Mutumin da ya fito daga irin wannan gida, in ya shiga fadar Aso Rock, da jama'a biyu yake shiga. Akwai mutanen ofis, ministoci da masu ba da shawara da sakatarori, waɗanda takarda ce ta kawo su kuma doka ta san da su. Akwai kuma mutanen gida: uwargida, surukai, likita, dogari, babban jami'in tsaro, da amintattun da suka biyo shi tun daga gidan gwamnatin Katsina. Muddin maigida yana kan ƙafarsa, shi ne ke haɗa ɓangarorin nan, kowa ya san matsayinsa. Ranar da ya kwanta kuwa, iko ba ya bin tsarin da aka rubuta. Yana komawa hannun wanda ke riƙe da ƙofar ɗakin da majinyaci yake kwance. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san baƙo namiji, komai kusancinsa da maigida, zaure ne iyakarsa. Yana ganin wanda ya shiga da wanda ya fito, yana karanta fuskoki, yaro ya fito ya ce masa an ce jiki da sauƙi, shi kuma ya juya ya gaya wa mutanen da ke waje. A nan kakakin shugaban ƙasa yake tsaye, kuma daga nan Adeniyi ya rubuta kashi mafi nauyi na littafinsa.

Kashin farko, na lokacin da shugaba ke da lafiya, shaida ce ta ganau, don a ofis aka yi abubuwan kuma marubucin yana cikin ɗakin ko kusa da shi. Akwai abubuwan yabo da ba a musu a kansu. 'Yar'aduwa ya faɗa da bakinsa ranar rantsuwa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyara harkar zaɓe. Ya bayyana kadarorinsa ga jama'a, abin da doka ba ta tilasta masa ba. A watan Yuni na 2009 ya yi shelar afuwa ga tsagerun Neja Delta, suka miƙa makamai kafin wa'adin 4 ga Oktoba, man fetur ya dawo yana gudana. Sai kuma abin da ya ɓata wa gwamnatin suna, wanda littafin bai kauce masa ba: kusancin James Ibori, tsohon gwamnan Delta, da fadar, rawar da Antoni Janar Michael Aondoakaa ya taka, da yadda aka kawar da Nuhu Ribadu daga EFCC a ƙarshen 2007 da sunan tura shi kwas a Kuru, makonni kaɗan bayan hukumar ta kama Ibori. Wata kotu a Asaba ta kori tuhuma 170 da ake wa Ibori a watan Disamba na 2009. A 2012, bayan littafin ya fita, wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 13. A irin waɗannan babuka mai karatu zai lura da ɗabi'ar da kusan duk littafin hadimi ke da ita: laifi yakan tsaya a kan na kewaye, maigida kuwa ya fito a matsayin mutumin kirki da aka yi wa mugun zagaye. Ga 'Yar'aduwa wannan hoto yana da ƙamshin gaskiya, mutanen Katsina ma za su shaida tsantseninsa. Amma shugaba shi ke naɗa Antoni Janar, shi kuma ke barin sa a kujera, kuma ba a raba mutum da zaɓinsa.

Maganar rashin lafiya tun kafin zaɓe ta fara. A watan Maris na 2007, ana tsakiyar kamfe, aka garzaya da shi Jamus, jita-jita ta cika gari cewa ya mutu, har Obasanjo ya kira shi ta waya a gaban taron jama'a, ya kara wayar a lasifika, ya tambaye shi ko ya mutu ne. An yi dariya a ranar. Ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka fita da shi zuwa asibitin Sarki Faisal da ke Jidda. Kwana uku bayan haka Adeniyi ya tsaya gaban 'yan jarida a Abuja ya karanta saƙon likitan shugaban, Dokta Salisu Banye, cewa kumburi ne ya kama tantanin da ke lulluɓe da zuciya. A duba wannan tsari da kyau, don shi ne tsarin duk watannin da suka biyo: majinyaci yana Jidda, labari yana fitowa daga bakin mutum uku ko huɗu da ke tare da shi, kakaki yana Abuja yana karanta abin da aka aiko.

Sashe na 145 na tsarin mulki ya ce idan shugaba ya aika wa majalisa takarda cewa zai tafi hutu ko ba zai iya aiki ba, mataimaki zai riƙe. Bai ce dole ne ya aika ba, bai kuma faɗi abin da za a yi in bai aika ba. Takarda ba ta isa majalisa ba. Sai ƙasa ta shiga wani irin zama na ban takaici. Babban Jojin ƙasa Idris Legbo Kutigi zai yi ritaya, babu shugaban da zai rantsar da magajinsa, sai shi da kansa ya rantsar da Aloysius Katsina-Alu ranar 30 ga Disamba. Aka ce an kai wa shugaba ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗi har gadon asibiti ya sa hannu, mutane suka yi ta tambayar hannun wa. Ranar Kirsimeti wani matashi ɗan Nijeriya ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama mai zuwa Detroit, Amurka ta saka Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake tsananta wa bincike, babu shugaban da zai ɗaga waya ya kira Obama. A watan Janairu rikici ya ɓarke a Jos. Tawaga bayan tawaga, ta gwamnoni da ta 'yan majalisar wakilai da ta shugabannin jam'iyya da ta ministoci, suka tafi Jidda suka dawo ba su sa shi a ido ba. Majalisar ministoci kuwa, wadda sashe na 144 ya ɗora wa alhakin bayyana cewa shugaba ya gaza, ta zauna ta ce shugaba yana da ikon gudanar da aikinsa, alhali ba su gan shi ba. Dora Akunyili, ɗaya daga cikin ministocin, ita ce ta fasa ƙwan a farkon Fabrairu, ta kawo takarda tana neman a faɗa wa ƙasa gaskiya.

Ranar 12 ga Janairu, 2010, ranar da Wole Soyinka da Tunde Bakare suka jagoranci zanga-zanga a Abuja, BBC ta watsa wata gajeruwar hira da Mansur Liman na sashen Hausa ya yi da shugaban ta waya. Waɗanda suka saurara ba za su manta muryar ba, siririya, mai tsayawa tsakanin kalma da kalma. Ya ce yana samun sauƙi, zai dawo da zarar likitoci sun sallame shi, ya yi wa Super Eagles fatan nasara a gasar cin kofin Afirka da ake bugawa a Angola. An yi hirar ne don a kashe jita-jitar mutuwa, a nuna yana nan. Sai ta zama wuƙar da aka yanke igiyar da ita. Ranar 9 ga Fabrairu, kwana 78 da tafiyarsa, majalisar dattawa ƙarƙashin David Mark ta ce ai shugaba ya faɗa wa duniya da bakinsa cewa yana jinya, kuma an rubuta maganar an buga, don haka ta tsaya a madadin takardar da ba a aiko ba. Aka dogara da ƙa'idar larura, wadda duk ɗalibin fiƙihu ya san makamanciyarta, aka mai da Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa. Washegari ya ɗauke Aondoakaa daga ma'aikatar shari'a.

Mako biyu bayan nan, cikin tsakar daren 24 ga Fabrairu, jirgi ya sauka a Abuja. Sojoji sun tsare filin jirgi da hanya, aka nisanta 'yan jarida, motar ɗaukar marasa lafiya ta je har gindin jirgi, ayari ya wuce fada. Rahotannin lokacin sun ce ba da sanin muƙaddashin shugaban ƙasa aka fitar da sojojin ba, shi da a takarda shi ne ke riƙe da ragamar askarawa. Da gari ya waye Adeniyi ya fitar da sanarwa cewa shugaba ya dawo, kuma a cikinta ya kira Jonathan mataimakin shugaban ƙasa, ba muƙaddashi ba. Ƙasa ta ɗauki zafi, sai da ya sake fitowa ya gyara. Daga ranar har zuwa 5 ga Mayu da Allah ya karɓi ransa, jama'a ba su ga 'Yar'aduwa ba, ba su ji muryarsa ba. A watan Afrilu Jonathan ya gaya wa Christiane Amanpour ta CNN cewa shi ma bai gan shi ba, alhali a fada ɗaya suke. Wasu malaman Musulunci da limaman Kirista aka shigar suka yi masa addu'a a farkon watan.

Wannan sanarwa ta 24 ga Fabrairu ita ce, a ganina, wurin da ya fi dacewa a tsaya a auna irin wannan littafi. Marubucin ba ɗan kallo ba ne. Hannunsa yana cikin abin da yake ba da labari. Duk kalmar kwantar da hankali da aka gaya wa 'yan Nijeriya a watannin nan, ko ta bakinsa ta fito ko ta bakin abokan aikinsa. Saboda haka idan ya zauna rubutu bayan shekara guda, aiki biyu yake yi lokaci ɗaya: yana ba da shaida, yana kuma wanke kansa. Wannan bai sa shaidar ta zama ƙarya ba. Yana dai nufin a karanta ta da sanin cewa kowane hadimi, in ya waiwaya, yakan tarar shi ne ya ba da shawara ta gari aka ƙi ji. Abin mamaki kuma, inda littafin ya fi amfani shi ne inda marubucin ya fi rauni. Cewa mai magana da yawun shugaban ƙasa yana dogara da kiran waya kafin ya san ko maigidansa yana iya magana, wannan kaɗai ya gaya mana inda iko ya koma fiye da duk wani sirri da zai tona.

To ina aka bar amana? Wannan ce tambayar da Bahaushe zai fara yi. Mutum ya ci abincinka, ka buɗe masa ƙofarka, ka mutu, ya ɗauki alƙalami. An hore mu da ambaton mamaci da alheri, ciwo kuma abu ne da ake rufawa. Ba mu kaɗai ke jin haka ba. A Faransa, François Mitterrand ya san yana da ciwon sankara tun 1981, shekarar da ya hau mulki, amma aka yi ta fitar da rahoton lafiya mai cewa lafiya lau har 1992. Kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa a watan Janairu na 1996, likitansa Claude Gubler ya fitar da littafi ya faɗi komai. Iyalin suka kai ƙara, kotu ta hana sayar da littafin, aka yi wa likitan ɗaurin talala, aka soke shi daga rajistar likitoci. Sai a 2004 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce hanin wucin gadi na lokacin makoki daidai ne, amma hani na dindindin ya wuce gona da iri. A Afirka ta Kudu, likitan soja Vejay Ramlakan ya rubuta littafi a kan shekarun ƙarshe na Mandela a 2017, matar marigayin, Graça Machel, ta nuna ɓacin ranta, kamfanin ɗab'i ya janye littafin daga kasuwa cikin 'yan kwanaki.

Bambancin waɗannan biyu shi ne ma'aunin da nake ganin ya dace. Mandela ya bar mulki tun 1999, jinyarsa ta ƙarshe lamarin iyalinsa ce, kuma babu ruwan kowa da yadda numfashinsa ya kasance. Mitterrand kuwa yana riƙe da ƙasa, da makaman nukiliya, ana yi wa masu zaɓe ƙarya da hatimin likita. Ciwon mai mulki ba irin ciwon kowa ba ne, domin sa hannunsa ne ke fitar da kuɗi da sojoji. Sunan cutar da yadda jiki ya rame, wannan a bar wa iyali. Amma ko yana cikin hayyacinsa ranar da aka ce ya sa hannu a kasafin kuɗi, da wanda ya ba da umarnin fitar da soja a daren da aka dawo da shi, waɗannan ba asirin gida ba ne da za a ce a rufa. Albashin hadimi daga baitulmali yake fitowa, ba daga aljihun maigida ba.

Lokacin da littafi ya fito shi ma yana magana. Indiya tana da tarin irin waɗannan littattafai, don gida ɗaya, na Nehru da Gandhi, ya daɗe yana juya ƙasar. M. O. Mathai ya yi wa Jawaharlal Nehru aiki daga 1946 har 1959, ya kai ga ba a ganin Firaminista sai ta hannunsa, kafin zargin cin amanar ofis ya tilasta masa ajiye aiki. Ya yi shiru kusan shekara ashirin. Sai da Indira Gandhi ta faɗi zaɓe a 1977 sannan ya fitar da littattafansa biyu, a 1978 da 1979, cike da tonon silili a kan gidan da manyan zamanin. Sanjaya Baru, mai ba Firaminista Manmohan Singh shawara kan yaɗa labarai daga 2004 zuwa 2008, ya saki nasa a watan Afrilu na 2014, ana tsakiyar zaɓe, yana cewa Firaminista yana da kujera amma iko yana hannun Sonia Gandhi. Ofishin Firaminista ya ce ƙagaggen labari ne, 'yar Singh ta ce cin amana ne, 'yan adawa suka mai da shi makamin kamfe, a 2019 kuma aka yi fim da shi, Anupam Kher ya fito a matsayin Singh. Mai jiran a kayar da giwa kafin ya zaro wuƙa, da mai sakin littafi ranar kasuwa, kowannensu ya ba mai karatu dalilin yin taka-tsantsan. A wannan ma'auni Adeniyi ya fi su tsabta. Ba korar sa aka yi ba, mutuwa ce ta raba, kuma zaɓen 2011 ya riga ya wuce. Sai dai ya rubuta a zamanin Jonathan, lokacin da zagin "'yan fadar 'Yar'aduwa" ba ya jawo wa kowa asara, kare su ne ke da tsada.

Mu kuma ba baƙin wannan sana'a ba ne. Ahmad bin Fartuwa, babban limamin Mai Idris Alauma na Borno, ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen ubangidansa a shekarun 1570, kuma kusan duk abin da aka sani game da Alauma daga gare shi ne. Waziri Gidado ɗan Laima, wazirin Muhammadu Bello kuma mijin Nana Asma'u, ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu Usmanu da karamominsa. Ga hadimi, ga suruki, ga marubuci a mutum ɗaya. Gidan waziri ya riƙe wannan aiki har zuwa Waziri Junaidu, kuma da takardun gidan Murray Last ya gina littafinsa na 1967 a kan Daular Sakkwato. Amma rubutun nan na nuna falala ne, don na baya su yi koyi, ba na bin diddigin kuskure ba. A zamaninmu ma haka al'adar ta zarce, sai dai ta koma baka. Marigayi Maitama Sule ya yi shekaru yana ba da labarin Sardauna da Tafawa Ɓalewa a rediyo da wuraren taro, da fasahar da ba a samun irinta, amma kusan kullum darasin kyawun hali yake cirowa. Sakamakon haka, idan aka zo rikici irin na 2010, mutanenmu da ke cikin ɗaki sukan yi shiru don kunya da kara, wanda ke zaure kuma, wanda ya taso cikin al'adar jaridun Legas, shi ke rubutawa. Daga baya mu zo muna ƙorafin an ba da labarinmu ba yadda yake ba.

Wadda wannan shiru ya fi cuta ita ce Hajiya Turai, uwargidan 'Yar'aduwa. A bakin jaridu da 'yan siyasa na lokacin, ita ce uwar ƙulle-ƙullen, ita ta hana a ga shugaba, ita ke son riƙe mulki. Babu shakka ita ce a bakin ƙofar, kuma wanda ya riƙe ƙofar shugaban ƙasa ya riƙe abin da ba a zaɓe shi ya riƙe ba. Amma matar da mijinta ke kwance rai a hannun Allah, ta ƙi yarda a shigo a ga yadda ya koma, abin da mata da yawa za su yi ta yi. Ba ita ta yi rantsuwar kare tsarin mulki ba. Ministoci arba'in da wani abu ne suka yi, su ne kuma suka zauna suka ce lafiyarsa ƙalau ba tare da sun gan shi ba, don kowa yana tsoron kada maigida ya tashi ya tarar da sunansa cikin waɗanda suka yi gaggawa. Ga lissafin karɓa-karɓa, Arewa tana ganin zangonta na shekara takwas zai yanke a shekara uku, gwamnoni kowa yana auna inda zai faɗa a 2011. Jibge wannan duka a kan mace ɗaya ya yi wa maza da yawa daɗi. Likita da dogari da babban jami'in tsaro da tsofaffin amintattun Katsina su ne za su iya raba gardama, su faɗi ranar da shugaba ya daina gane mutane, in ya daina, da wanda ya ce kada a aika takarda. Shekaru suna tafiya, wasunsu tsufa ya fara kama su.

An ɗan koyi darasi a kan takarda. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ce idan shugaba ya yi kwana 21 bai aika wa majalisa takarda ba, majalisa na iya ba mataimaki riƙo da ƙuri'ar rinjaye. Shi ya sa da Buhari ya tafi jinya Landan a 2017 ya aika takarda, mataimakinsa Osinbajo ya riƙe, ba a sake shiga irin wancan ruɗani ba. Ɓoye ciwon dai bai canza ba, har ya sauka ba a gaya wa 'yan ƙasa abin da ke damun sa ba. Da ya dawo a watan Agusta na shekarar, bayan sama da kwana 100, bai koma ofis ba, yana aiki daga gida. Kakakinsa Garba Shehu ya gaya wa duniya cewa ɓeraye ne suka yi ɓarna a ofishin, sai an gyara. Jaridun duniya suka yi ta yi mana dariya. A watan Yuli na 2025, kwanaki kaɗan kafin rasuwar Buhari, Garba Shehu ya ƙaddamar da nasa littafin, a ciki ya amsa cewa ya jefo maganar ɓerayen ne don ya kawar da hankalin mutane daga tambayar ko shugaba yana da ƙarfin ci gaba da mulki. Ya ba da labarin a matsayin dabarar aiki da masu tasowa a sana'ar za su koya. Sashe na 144 kuwa yana nan yadda yake: waɗanda shugaba ya naɗa, kuma zai iya kora gobe, su ne har yanzu doka ke jira su fara cewa ya gaza.